KD_B: KUƊIN BIYA KO KUƊIN BASHI? Tsokaci a kan gutsure sunaye a rumbun bayanai

 

Yau za mu ɗan leƙa gonar 'yan kwamfuta. Wanda ba harkarsa ba ce kada ya yi saurin wucewa. Kwamfuta ce ta jawo maganar, amma matsalar ta wasali ce da nasaba da ƙugiya, abubuwan da muka saba tattaunawa a nan kullum.

Wani ɗan uwa mai bibiyar wannan shafi ne ya turo mana hotuna biyu ta akwatin saƙo. Yana taimaka wa wata Islamiyya da aikin rajista. Hukumar makarantar ta gaji da manyan littattafan nan da gara ke ci, damina ta jiƙa, suka ce a mayar da komai cikin kwamfuta. Sai ya buɗe ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta tsara masa rumbun bayanan ɗalibai. Ya kuma gindaya sharaɗi cewa sunayen da ke ciki su zama na Hausa, domin sakatare da malamai su iya karantawa ba sai an nemo shi ba. Ya tambaya sau biyu, ya samu amsa iri biyu. Shi ne ya ce, "Malam, wanne ne Hausa a ciki?"

Ga waɗanda ba su saba ba: rumbun bayanai littafin rajista ne na cikin kwamfuta. Kowane jadawali yana da layukan kwance da layukan tsaye. Layin kwance ɗalibi guda ne. Layin tsaye kuwa gurbi ne na abu guda: gurbin suna, gurbin aji, gurbin kuɗi. A saman kowane gurbi akwai sunan da aka raɗa masa, kuma da wannan sunan mutum da na'ura duka suke gane abin da ke ƙarƙashinsa. A kan waɗannan sunaye za mu yi magana. Ɗan layin ƙasan nan (_) da za ku gani yana tsayawa ne a madadin tazara, domin ba a son sarari a tsakiyar suna.

Ga hoton farko:

sn
sn_u
sn_m
shkr
jns
rn_h
kd_b
rn_b
sk

Ga na biyu:

dalibi_suna
uba_suna
kwanan_wata_na_haihuwa_na_dalibi
jinsi_na_dalibi
lamba_waya
ya_biya
rana_biya
an_halitta

Amsata a taƙaice: na farko ba ya gyaruwa, a zubar da shi. Na biyu gurguwar Hausa ce, amma yana da magani. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

ABIN DA YA SA NA FARKO BA YA GYARUWA

Na ɗauki hoton farko na nuna wa mutum biyu ba tare da na yi musu bayani ba, ɗaya malamin makaranta, ɗaya mai shago. Na ce su karanta mini kd_b. Malamin ya ce "kuɗin biya". Mai shago ko ɗar bai yi ba ya ce "kuɗin bashi". Kowa ya karanta da abin da ya saba gani. A ƙasan hoton kuwa manhajar ta yi ɗan bayani da Turanci cewa ragowar kuɗin da ake bin ɗalibi take nufi. Wato mai shago ne ya canka, malamin da aka yi abin dominsa shi ne ya faɗi.

To ku duba abin da zai biyo baya. Ranar da aka ce a fitar da waɗanda ba su biya kuɗin zango ba, sakatare zai buɗe jadawali. Yaron da iyayensa suka biya tsaf, sifili ne a gabansa, domin ba a bin sa komai. Sakatare ya karanta "kuɗin biya: sifili", ya ce a kora shi gida. Wanda ake bi Naira 5,000 kuwa an ga 5,000 a gabansa, an ce ya biya, ya zauna. Uba ya zo da rasit a hannu ana ce masa "ai ga shi nan a kwamfuta". Haruffa kaɗan aka yi tattali, mutuncin magidanci ya zube a bakin ofis. Garin neman gira an rasa ido.

Sauran ma haka suke. sn_u sunan uba ne, ko sunan uwa, ko sunan unguwa? sn_m fa, mahaifi ne, ko mahaifiya, ko malami, ko makaranta? rn_h ranar haihuwa ce, ko ranar hadda, ko ranar hutu? A Islamiyya duk ukun suna nan. sk zai iya zama sauka, zai iya zama saƙo. shkr kuwa shi ya fi ban takaici, domin ya haɗe kalmomi biyu da Bahaushe ya raba da wasali guda: SHEKARA, kamar a ce 2024, da SHEKARU, kamar a ce yaro ɗan 12.

Wani zai ce ai Turawa ma haka suke yi, suna rubuta qty da amt da dept kuma suna ganewa. Gaskiya ne. Sai dai ginin kalmar Turanci daban, na Hausa daban, kuma a nan gizo ke saƙar.

Na ɗaya, gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba mu da cunkoson baƙaƙe uku ko huɗu a jere irin na Turanci. Saboda haka kusan rabin haruffan kalmar Hausa wasula ne, kuma ba ado suke yi ba, aiki suke yi. Ka cire su daga kd, ka samu kuɗi, kiɗa, kaɗi, kada, ƙuda, ƙoda. Da a rumbun asibiti ne, gurbin kd kuɗin majiyyaci ne ko gwajin ƙodarsa? rn rana ce ko rauni? mt mata ne, ko mota, ko mutuwa?

Na biyu, jinsi da adadi a wutsiyar kalma suke zaune, kuma sau da yawa wasali ne kaɗai ke ɗauke da su: ɗalibi, ɗaliba, ɗalibai, malami, malama, malamai. Duk su dlb ne da mlm. Aikatau ma haka. Saya da sayar, shiga da shigo, fita da fitar. Mai shagon da aka rubuta wa frsh_sy bai san ko farashin saye ba ne ko farashin sayarwa, alhali ribarsa duka tsakanin waɗannan biyun take.

Na uku, idan ka ce to bari in bar wasulan, in yanke kalmar daga gaba, nan ma akwai tarko. Ɗafa-goshin nan "ma-" ya cika Hausa da sunayen da suke farawa iri ɗaya: mahaifi, ma'aikaci, mazauni, matsayi, mataki, makaranta. Rubuta mak ka gani: makaranta, maki, mako, makaho.

Na huɗu, kuma shi ne babba: rubutun bokon Hausa shi kansa taƙaitawa ne. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. "Wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala haka. "Maraya" wanda ya rasa mahaifi da "maraya" ta birni haka. Jimla ce take raba mana gardama. Sunan gurbi kuwa ba shi da jimla, shi kaɗai yake tsaye a saman jadawali. An riga an cire karin sauti, an cire tsawon wasali, manhajar ta cire ƙugiya, sannan a zo a cire wasalin kansa. Me ya rage? Ƙashi ne ba nama.

Magabatanmu sun gane wannan tun kafin boko. Balarabe yana iya buga jarida guda ba fataha ba kisira a karanta lafiya lau, saboda kalmominsa a kan saiwar baƙaƙe aka gina su, kuma awon kalma yana nuna masa wasalin da ya dace. Malamanmu da suka ari haruffan suka rubuta Hausa da su ba su bi Balarabe a nan ba. Ajamin Hausa da wasalinsa ake rubuta shi, fataha da kisira da rufu'a, har da imala mai ba da sautin "e". Tawada da takarda sun fi tsada a wancan zamani, amma ba su yi rowar wasali ba, don sun san rubutun ba zai karantu ba.

DAGA INA ƊABI'AR TA FITO?

Manhajar ba ta ƙirƙiro wannan salo daga kanta ba. Irin waɗannan manhajoji daga tarin rubuce-rubucen da mutane suka riga suka yi suke koyo, kuma tsofaffin rumbuna cike suke da gutsurarrun sunaye. Sai ta ɗauko al'adar ta ɗora wa Hausa.

Su kuma mutanen da, uzuri gare su. Manhajar dBase da ta yi tashe a shekarun 1980 ba ta karɓar sunan gurbi da ya wuce harafi 10. Masu aikin taswira har gobe suna fama da wannan iyaka, domin fayil ɗin shapefile a tsarin dBase yake ajiye jadawalinsa. Ka ba shi karamar_hukuma ya mayar maka da karamar_hu, ka ba shi ranar_haihuwa ya ba ka ranar_haih. Oracle ya daɗe a kan bayit 30, sai da siga ta 12.2 ta fito aka ɗaga zuwa 128. Jadawalin ma'aikatan nan da aka koyar da ɗalibai da yawa da shi ma yana da sunaye irin su ENAME da SAL da MGR da COMM, na ƙarshen nan kamasho ake nufi.

Yau fa? PostgreSQL yana ɗaukar bayit 63. MySQL harafi 64. SQL Server 128. Suna mai tsawo kamar lambar_wayar_waliyyi harafi 20 ne kacal. An rushe katangar tuntuni, mu ne muke ta sunkuyawa a inda babu ƙofa.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi manhajar SAP ta Jamus, wadda manyan kamfanoni ke gudanar da lissafinsu da ita a duniya. A cikin jadawalanta akwai KUNNR da LIFNR da MATNR da BUKRS. Kalmomin Jamusanci ne aka gutsure: Kundennummer, lambar abokin ciniki, Lieferantennummer, lambar mai kawo kaya, Materialnummer, lambar kaya, Buchungskreis, lambar da ake ware lissafin kowane kamfani da ita. Wanda ya raɗa su ya san abin da yake nufi. Amma ma'aikaci a Indiya ko Barazil ko Legas hadda kawai yake yi, kamar mai karatun da ba a fassara masa ba. Kamfanin da kansa a sababbin tsare-tsarensa ya shimfiɗa wani rufi a sama mai cikakkun sunaye, inda BUKRS yake fitowa a matsayin CompanyCode. Tsohon sunan kuma yana nan a ƙasa, domin da zarar an gina abubuwa a kan suna, sauya shi aiki ne ja. Suna linzami ne, kuma a rumbun bayanai ranar farko ake ɗaura shi.

HUJJOJIN MASU GUTSUREWA

Adalci ne mu ji ta bakinsu.

Suna cewa dogon suna yana cin lokaci wajen bugawa. To sau ɗaya ake raɗa suna, sau dubu ake karanta shi. Kuma manhajojin rubuta umarni na yanzu, kana buga harafi biyu ko uku za su ƙarasa maka. Idan kana tsakiyar aiki ka ga sunan ya yi maka tsawo, harshen SQL ya ba ka damar yi masa laƙabi na wucin gadi da kalmar AS. Laƙabi na cikin gida ne, sunan yanka yana nan a takarda.

Suna cewa yana cin wuri a ma'ajiya. A rumbuna masu jadawali irin waɗanda muka ambata, sau ɗaya ake ajiye sunan gurbi, ko layukan 10 ne ko miliyan 10. Akwai wasu irin MongoDB da suke maimaita sunan a cikin kowane bayani, a can maganar tana da ɗan kamshin gaskiya. Amma ga makaranta mai ɗalibai 'yan ɗaruruwa, hoton walimar sauka guda ɗaya ya fi duk abin da za a yi tattali nauyi.

Suna cewa ai muna rubuta slm da ykk da lfy da ngd a waya kuma kowa yana ganewa. Yo ai gaisuwa ce. Kafin ka buɗe saƙon ka san abin da zai zo. Haka su Alh. da Haj. da SAW da d.s. suke: kaɗan ne, an daɗe da sabawa da su, kuma a cikin jimla suke zuwa. Ba wanda ya taɓa rasa kuɗi saboda ya kasa karanta slm.

Suna cewa za a rubuta bayanin kowane gurbi a wata takarda. Madalla, a rubuta. PostgreSQL da Oracle suna da umarnin COMMENT domin haka, MySQL ma yana da nasa. Sai dai ranar da aka fitar da jadawalin zuwa Excel aka tura wa shugaban makaranta ta WhatsApp, sunan gurbi ne kaɗai zai bi shi, bayanin yana can an baro shi. Shi kuma wanda ya tsara abin, yau yana nan, gobe ya samu aiki a Abuja, wayarsa ba ta shiga.

Akwai ma abin dariya a ciki. Bayan wata shida ɗan uwan nan zai koma wa manhajar da ta gutsure sunayen, ya buɗe sabuwar hira, ya ce ta fito masa da ɗaliban da ake bi bashi. Ita ma ba abin da za ta gani sai kd_b. Canka za ta yi, kamar yadda malamin nan ya canka. Wanda ya ɗaure kullin ma ya manta bakin zaren.

HOTO NA BIYU: CIKAKKE NE, AMMA BA HAUSA BA CE

Kada a ɗauka duk sunan da ya yi tsawo ya tsira. Hoto na biyu Turanci ne aka sa wa babbar riga.

1. Jerin kalma. dalibi_suna da uba_suna tsarin Turanci ne, inda mai abu yake gaba, abin yana biye. A Hausa abin ne gaba, sai nasaba, sai mai shi: sunan ɗalibi, sunan uba. "Uba suna" ba magana ba ce.

2. Nasaba. lamba_waya da rana_biya an jera su daidai, amma an cire igiyar da ta ɗaure su. Ɗan layin ƙasa yana maye gurbin tazara ne kawai, ba ya maye gurbin -n da -r. Ƙa'idar ita ce wadda muka sani: sunan namiji da jam'i suna ɗaukar -n (sunan uba, wurin haihuwa, sunayen iyaye), sunan mace mai ƙarewa da "a" yana ɗaukar -r (ranar haihuwa, lambar waya, shekarar shiga), sunan mace da bai ƙare da "a" ba yana komawa -n (gwamnatin jiha). Nasabar nan har aikin rarrabewa take yi: shekarar_shiga da shekarun_ɗalibi ba mai rikita su.

3. Tsawon da ba shi da amfani. kwanan_wata_na_haihuwa_na_dalibi, wa ya taɓa faɗin haka? Bahaushe cewa yake yi "ranar haihuwa". Doguwar nasaba, "na" da "ta", tana da muhallinta, amma ba a jera ta a inda gajeriya ta wadatar. Kuma tunda jadawalin kansa sunansa ɗalibai, maimaita "na ɗalibi" a kowane gurbi kamar mutum ne ya rubuta sunansa a jikin kowane ɗaki na gidansa. jinsi kaɗai ya isa.

4. ya_biya. Wannan gurbi ne na "e" ko "a'a". Matsalar ita ce wakilin sunan Hausa yana nuna jinsi. Idan layin na Fatima ne fa? Sai a yi wani gurbin ta_biya? Hausa ta riga ta ba mu mafita, wato wakilin sunan da ba ya nuna kowa: an_biya. Haka an_karɓa, an_tura, an_yi_sauka.

5. rana_biya, ko da an gyara shi ya koma ranar_biya, da sauran rina a kaba. Ranar da aka biya ce, ko ranar da ya kamata a biya? Nan ne tsawo yake da amfani: ranar_da_aka_biya daban, ranar_ƙarshen_biya daban.

6. an_halitta. Subhanallah. Manhajar tana nufin lokacin da aka shigar da bayanin ne, sai ta ɗauko fassarar ƙamus. A kunnen Bahaushe halitta ta Allah ce. A ce lokacin_shigarwa.

7. Suna. Tsarin Turawa na sunan farko da sunan ƙarshe bai zauna daidai a kanmu ba. Mu muna da sunan yanka, da sunan uba, wani da na kaka, wani da na gari ko unguwa, ga laƙabi. Idan aka rubuta sunan_ƙarshe, wani malami zai sa uba, wani ya sa gari, yaro guda ya zama mutum biyu a rajista. A faɗi abin da ake so: sunan_yanka, sunan_uba.

Akwai abu guda da hotunan biyu duka suka manta: awo. Gurbin kuɗi, da me ake lissafi? Wasu manhajojin biyan kuɗi a Najeriya da kwabo suke ƙirga, Naira 1 kwabo 100, don haka 5000 a wurinsu Naira 50 ce. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa a baki da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, dala 200 jika guda, wato sefa 1,000. Idan gurbi ya ce kuɗi kawai, aka rubuta 200, nawa ke nan? Kalma ɗaya a ƙarshen suna ta kashe gardamar: kuɗin_zango_naira, ko kuɗin_zango_sefa. Haka nauyi_kilo, haka hatsi_mudu.

ƘUGIYA DA HAMZA

Kun san matsayin wannan shafi a kan ɓ da ɗ da ƙ: ba ma sassauci. Labari mai daɗi shi ne PostgreSQL da MySQL duka suna karɓar su a cikin sunan gurbi. Abin lura kawai, a tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya bayit 2 yake ci, don haka inda ake ƙirga bayit sai a sa shi a lissafi.

Amma kada mu yaudari kanmu. Wani lokaci jadawali yana ratsa tsohuwar manhajar da za ta mayar da ƙugiya wasu alamomi marasa kan gado, ko kuma mai aikin ba shi da haruffan a madannansa. Idan dole ta sa aka sauke ƙugiya a sunan cikin na'ura, to a nan ne cikakken suna ya zama wajibi. kasa kaɗai ba a san ƙasa ba ce ko kasawa. kasar_haihuwa kuwa ba mai ɓata. baki kaɗai rikici ne, adadin_baki_a_walima ya fito fili. Maƙwabciyar kalma ce take biyan bashin ƙugiyar da aka cire. Wanda ya sauke ƙugiya kuma ya gutsure kalma ya yi asara biyu. Rubutun da mutane za su gani a fom da rasit kuwa, wannan ba uzuri, da ƙugiyarsa za a rubuta shi.

Hamza ta fi wuya. A harshen SQL wannan alama (') ita ce take buɗe zance ta rufe shi, saboda haka sana'a da wa'adi da ma'aikaci suna karya umarni, sai an kewaye sunan da wasu alamomi duk lokacin da za a kira shi. Shawarata, inda akwai wata kalma a ɗauke ta, shi ya sa na ce ranar_ƙarshen_biya ban ce wa'adi ba. Inda babu, a cire hamzar a haɗe kalmar, sanaa, a kuma yi haka a ko'ina. Kada a rubuta sana_a, domin an raba kalma guda biyu ke nan. A nan rubutun Nijar ya fi namu sauƙi ta gefe guda: su harafi ɗaya suke rubutawa, ƴ, inda mu muke rubuta 'y. ƴaƴa zai wuce salin alin, 'ya'ya sai ya tsaya a shinge.

YADDA NA GYARA MASA

Jadawalin ɗalibai:

lambar_rajista
sunan_yanka
sunan_uba
sunan_waliyyi
lambar_wayar_waliyyi
jinsi
ranar_haihuwa
shekarar_shiga
unguwa
ƙaramar_hukuma
adadin_izu
ranar_sauka

Jadawalin biyan kuɗi:

lambar_rajista
zangon_karatu
kuɗin_zango_naira
abin_da_aka_biya_naira
ragowar_bashi_naira
ranar_da_aka_biya
ranar_ƙarshen_biya
lokacin_shigarwa

Na san 'yan kwamfuta za su ce ba a ajiye ragowar bashi, lissafa ta ake yi daga sauran biyun. Wannan tsakaninku ne, mu namu suna. Ku lura dai babu ko ɗaya a ciki da ya kai harafi 30, wato ko tsohon Oracle zai karɓe su.

Shin an haramta taƙaitawa gaba ɗaya ke nan? A'a. Ma'aunin shi ne baki. Duk taƙaitawar da mutane suke furtawa a magana ta zama kalma: NIN, BVN, JAMB. Tsohuwa a ƙauye ta san BVN ko da ba ta san abin da haruffan ke nufi ba. lambar_nin daidai ne. Amma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce "shkr".

Ga wanda zai sa manhaja ta tsara masa, kada ya tsaya a "yi mini da Hausa". Ya faɗa mata dalla-dalla: cikakkun kalmomi, ba cire wasali, a sa nasaba, abu kafin mai shi, gurbin e ko a'a ya fara da "an", gurbin kuɗi da na awo su ƙare da abin da ake aunawa da shi. Ya ba ta misali uku ko huɗu. Idan ta gama ya karanta da idonsa, don ita ba ta jin kunya idan ta yi kuskure, kai ne za ka tsaya gaban iyayen yara.

Gwaji na ƙarshe kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Kira wanda zai yi aiki da jadawalin a waya, ka karanta masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, ka ce ya faɗa maka abin da zai rubuta a ƙarƙashin kowanne. Duk sunan da ka kasa furtawa, ko ya ce maka "wanne kake nufi?", a sake shi tun yanzu, kafin a zuba sunayen yara 400 a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura naku. Ni "gurbi" na yi amfani da shi a wannan rubutu, na ji wasu suna cewa "ginshiƙi", wasu "shafi", wasu "layin tsaye". Wanne ya fi zauna muku? Kuma masu wannan sana'a da ke cikinmu, yaya kuke yi da hamza a wurin aikinku? A ajiye mana a sashen sharhi. Wanda ya ga kuskure a abin da na faɗa ya gyara mini, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.